Shekarar da Yakuwar Ɗaso Ta Ƙi Tsirowa

A Ka'akiyya, wata unguwa a Makka, ba a ce wa Ɗaso Hajiya. Garin da mai gyaran takalmi Alhaji ne, mai jaki ma Alhaji ne, laƙabin ya yi arahar da ko an kira ba mai waiwaye. Ɗaso Mai Garwa ake ce mata, saboda garewanin kananzir goma sha ɗaya da ta jera a gindin ɗakinta na langa-langa, kowace cike da ƙasa, kowace an huda mata gindi da ƙusa.

Bakatsiniya ce. Ita da mijinta Salihu suka baro gida a ƙasa, suka yi shekara shida a hanya. Sun tsinci auduga a Sudan, sun binne 'ya'ya biyu a can, suka ƙetare teku cikin jirgin katako mai yoyo. Da suka sauke farali suka ce bari su huta wata guda kafin su juya. Cikin hutun aka haifi Ummulkhairi, cikin hutun Salihu ya rasu. Har zuwa shekarun alif ɗari tara da sittin, lokacin da alhazai ke sauka daga Kano ta jirgin sama, ƙafafunsu ko faso babu, Ɗaso tana nan tana hutawa.

Sana'arta sayar da hatsin tattabaru a bakin Harami. Amma in ka tambaye ta aikinta, noma za ta ce maka. Duk abin da ta fito da shi daga Katsina ya ƙare a hanya, sai irin yakuwa da ta ƙulle a tsumma. Shi take shukawa kowace shekara, ta ci ganye, ta ba maƙwabta, ta bar wasu su yi 'ya'ya, ta sake ƙullewa. Noman garwa a Makka ba ya son doguwar shawara. Sanyi zai ɗaga, zafi bai sauko ba tukuna, tsakaninsu akwai 'yan makonni da Larabawa ke ce wa rabi'i. Wanda ya shuka a cikinsu ya sha miya. Wanda ya makara, rana ta sha masa.

Ummulkhairi ta yi aure shekara tara da suka wuce, tana unguwar Aziziyya, gidan siminti mai famfo da fanka. Shekara taran nan ba a taɓa yin wata biyu ba ta zo da magana ɗaya ba.

"Inna, ki tattara ki dawo wurinmu. Mutane suna zagina. Ana cewa ina kan katifa, uwata tana cikin gwangwani."

"Bari in cire yakuwata."

In an cire yakuwa, sai a bari iri ya bushe. In iri ya bushe sanyi ya shigo, kuma ba a tashin tsohuwa cikin sanyi. Sanyi na fita, lokacin shuka ya yi. Haka shekara ke zagayowa ba ta bar ko kafa ɗaya da za a zura Ɗaso cikin mota ba.

Mutanen unguwa sun yarda son yakuwa ne, don sun saba yarda da abin da ba zai ba su wahala ba. Alhali miyar yakuwa ba ta wuce kwano ashirin a shekara. Abin da Ɗaso ba ta faɗa shi ne, a Aziziyya ita tsohuwa ce da za a ɗora kan kujera, jikoki su riƙa kwaikwayon Larabcinta suna faɗuwa don dariya. A Ka'akiyya kuwa ba a raɗa suna, ba a wanke amarya, ba a sasanta mata biyu da suka yi faɗa kan igiyar shanya, sai an aiko mata. Akwai kuma wani dalilin da ita kanta ba ta taɓa zama ta dube shi ido da ido ba. Dalilin yakan zo kullum da hantsi, ɗauke da garwa biyu a sanda.

Kabo ke nan, mai ruwan unguwa. Bagobiri ne, dogo, busasshe, gwauro tun rasuwar matarsa a hanyar Madina. Da yake Bagobiri da Bakatsine abokan wasa ne, shekara goma sha bakwai yana juye mata ruwa a randa, ba su taɓa gaisawa da mutunci ba.

"Bakatsiniya, kin kwana ko kin mace?"

"Na kwana, in ga jana'izarka. Yau ma rabin ruwan a hanya ka zubar?"

"Shi ka sa in gane hanyar komawa."

A shekarar da ake magana, sanyi ya manta hanyar fita. Ba sanyin da za a ba mutumin Jos labari ba ne, dariya zai yi. Amma a garin da dutse ke ƙona tafin ƙafa wata tara a shekara, ya isa abin magana. Azumi ya wuce, Shawwal ya bi bayansa, Zulƙida ya kama, iska ba ta fasa saukowa daga duwatsun Ɗa'ifa tana kaɗa langa-langa ba. Tsofaffi suna alwala suna salati da ƙarfi, ba don ƙarin lada ba. Kabo ya samo wani kwat ɗin soja a kasuwar gwanjo, hannunsa ya tsaya masa a gwiwar hannu, ya ƙi cire shi ko a masallaci.

Ɗaso ba ta kula ba. Lokacinta na yi ta shuka, ta zauna tana lissafa wanda za ta ba ganyen farko da wanda za ta hana. Kwana biyar, shiru. Kwana goma, ƙasa tana kallonta tana kallon ƙasa.

A tsakiyar Zulƙida Ummulkhairi ta zo, wannan karon da mijinta. Mukhtaru haifaffen Makka ne, jikan wani Bakano, yana aiki da masu jagorar alhazai. Hausarsa a gidan kaka ya tsinta, kuma ba duka ya tsinta ba. Musamman bai tsinci kunyar surukuta ba. Yana shiga sai ya nufi Ɗaso kai tsaye ya sumbaci tsakar kanta yadda Larabawa ke yi wa manya, ita kuwa ta sandare kamar wadda kunama ta hau wa wuya. Shekara tara ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba. Bango take yi wa magana, ko 'yarta.

"Ya Khala," in ji shi, yadda Larabawa ke kiran babbar mace, "wallahi haram ne ki zauna a nan. Wannan sanyi yana kashe tsoho. Ɗaki yana can, na sa an yi masa fenti."

Da gaske ne an yi fentin. Abin da bai ambata ba, ya karɓi alhazai arba'in daga Kano da za su sauka a gidansa, kuma bara waɗanda ya saukar sun koma gida suna ba da labarin cewa shinkafa da man Larabawa ta kusa hana su jifan Shaiɗan. Tuwo yake nema, da hannun da ya iya tuƙa shi.

Ɗaso ta dubi bango. "Gaya masa bari in cire yakuwata."

Mukhtaru ya fita, ya bi garewanin ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, har da sa yatsa. "Fen yakuwa? Ina take? Ƙasa ce kawai, ya Khala."

"Gaya masa tana tafe."

"Tayyib. Mu yi alkawari. Ranar ɗaya ga Zulhajji zan zo da mota. In akwai ganye, ko ɗaya, khalas, ba zan ƙara magana ba bana. In babu, ki shiga mota."

Daidai lokacin Kabo ya iso da ruwa, ya tsaya da sanda a kafaɗa yana sauraro. Da ba ya nan, da Ɗaso ta sami hanyar zamewa, ta saba. Amma a gaban Bagobiri ba za a ce yakuwarta ta ba ta tsoro ba.

"Gaya masa na yarda. Irin nan ya tsiro a Sudan, ya tsiro a Jidda cikin ƙasar gishiri. Ba sanyin kwana biyu zai ba shi kunya ba."

Kwana goma sha biyar suka rage, Ɗaso ta shiga jinyar garewani. Ta lulluɓe su da bargonta, ita ta koma rufa da buhu. Ta karɓo tsofaffin harami da alhazan bara suka bari, ta naɗe kowace garwa da fari, har wani makaho-makaho da ya zo wucewa ya tsaya ya yi musu addu'ar samun rahama. Da hantsi ta kwashe su zuwa inda rana ke faɗowa, da la'asar ta maido su, garwa goma sha ɗaya, tana nishi tana zagin Gobir da duk wanda ya fito daga cikinta, don Kabo yana tsaye yana ba da shawara.

"Ki yi masu shayi mana. Ni shi ka tashe ni."

Ba'a ya yi. Amma maganar ta kwana a kan Ɗaso. Ta ce ai sanyin ruwa ne ke hana iri motsi, yaro ma ba a yi masa wanka da ruwan randa. Ta fara ɗumama ruwan ban-ruwa. Rana ta farko mai ɗumi. Da ba ta ga komai ba, ta ƙara wuta. Da aka kwana huɗu, ruwan da take zubawa ya isa fige kaza.

Saura kwana uku ta kasa haƙuri, ta tona garwa ɗaya da tsinke. Ta sami irin ya kumbura ya yi laushi. Ta murza shi, ya narke a yatsa. Ta tona ta biyu, ta uku. Duk sun dahu.

Kabo ya same ta zaune a ƙasa, tsinke a hannu. Ya juye ruwa, ya jira zagi, bai zo ba. Ya ce ruwan yau da ƙura, ya ce ya ga ta ƙara tsufa, ya ce Katsina ƙauye ce. Ta dai miƙo masa tafin hannu ya gani.

"Da saura a tsumma?" ya tambaya.

"Da saura. Ko na shuka yau, cikin wannan iska, wa zai fito cikin kwana uku?" Ta share hannu a zane. "Ka nemi mai sayen ruwanka, Bagobiri."

Ya saɓa sandarsa ya fita babu ba'a, abin da bai taɓa yi ba.

Ya fara da maƙwabta, ko wani na da tsiro a tukunya. Babu, sanyin bai bar kowa ba. Lambunan kirki suna wajen gari, kuma a hanyar akwai askarawa masu tambayar takarda, shi kuwa takardar da ya mallaka duniya ita ce ta allurar da aka yi masa a bakin jirgi. Sai ya ɗaga kai ya dubi duwatsu. Ruwan da aka ɗan yi a farkon sanyi ya fito da 'yan tsire-tsire a kwazazzabai. Nan kuma wata matsalar ta tare shi, wadda duk mazaunin Makka ya sani: cikin iyakar Harami ba a cire abin da ya tsiro da kansa.

Bayan azahar ya tsaya wurin Malam Garba, limamin ƙaramin masallacin unguwa.

"Allah gafarta Malam, in mutum ya ga haki bakin dutse, ya ji shina so..."

"A nan? Ba a taɓawa. Ko ƙaya ce."

"Ko guda?"

"Malamanmu sun ware biyu. Akwai ciyawar nan mai ƙamshi da ake rufin ɗaki da ita. Akwai kuma filasko, saboda magani."

"Ba su ambaci wani abu mai hwaɗin ganye ba? Mai ɗan ja ga kara?"

Malam Garba ya dube shi ta saman tabarau. "Kabo, ciki ne ya ɗaure maka? Ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Ka jiƙa kaɗan, kada ka cika, ka zauna kusa da gida."

Kabo ya yi godiya. Bai tambayi hukuncin dasa abu a garwar mutum a ce shi ya tsiro ba. Wannan ya san amsarsa, kuma mutum ba ya wahalar da malami kan abin da ya sani.

Washegari Ɗaso ta dawo daga bakin Harami da ragowar hatsinta, ta tarar da garwa ta goma sha ɗaya ta yi kore. Tsiro ne mai tsawon ɗani guda, 'yan ganyayyakinsa a jere biyu-biyu, an danne gindinsa da babban yatsa har sawun ya fito. Kabo na zaune kan dutse cikin kwat ɗinsa yana kallon sama.

"Wane marar kunya ne ya dasa mini maganin wankin ciki a garwa?"

"Ikon Allah! Yakuwa ta hito."

"Bagobiri, tun ba ka san hanyar Makka ba nake noman yakuwa."

"To wagga ta sanyi ce. Sanyi na sa abu ya tsuke. Dube ni."

"Duk dutsen nan ka rasa abin da za ka ciro sai filasko?"

"Shi kaɗai Malam ya halatta. So kike in shiga wuta saboda Bakatsiniya?"

Ta kai hannu za ta tumɓuke. Hannun ya isa, ya tsaya.

"Cire mana," in ji Kabo. "Ki tai Aziziyya a kunna maki hwanka."

Ta daɗe a sunkuye. "Kai mene ne naka a ciki?"

"Garwa biyu kullum. Wa za ya saye?"

A Ka'akiyya mai ruwa ba ya neman mai saye, mai saye ne ke bin mai ruwa har da roƙo. Su biyun sun san haka. Ɗaso ta miƙe, ta ɗebo ruwa a randa, mai sanyi, ta zuba wa tsiron, ta shafe sawun yatsan da tafin hannunta.

"Ko ƙarya ba ka iya ba," ta ce.

Ranar ɗaya ga wata, da hantsi, mota ta tsaya a bakin lungu. Mukhtaru ya shigo da igiyar ɗaure kaya a hannu. Ɗaso ta riga ta rufe kanta da mayafi biyu saboda sumba. Ya bi garewani, ta ɗaya, ta biyu, yana murmushi, har ya kai ta ƙarshe. Murmushin ya tsaya. Mukhtaru ya sha miyar yakuwa ba adadi, amma bai taɓa ganinta a tsaye ba.

"Wannan ita ce?" Ya juya wurin matarsa. "Ummu, ke kin sani. Ita ce?"

Nan ne Ɗaso ta ga asiri na shirin tonuwa. Ummulkhairi a gindin garewanin nan ta yi rarrafe. Bayan haka, duk wata uku tun tana yarinya sai an matse ta tsakanin gwiwoyi an ɗura mata jiƙon filasko. Ba ganyen da ta sani a duniya kamarsa.

Ta tsuguna, ta taɓa ganyen, ta shinshina yatsa. Fuskarta ta ɗan motsa.

"Masha Allah," ta ce. "Ita ce."

"Amma kwana goma sha biyar da suka wuce babu komai. Har ta yi tsawo haka?"

"Albarkar Harami," in ji Kabo daga bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye shi.

Mukhtaru ya dubi igiyar hannunsa, ya tuna alhazai arba'in, ya yi ajiyar zuciya. Mutum ne mai cika alkawari, musamman wanda aka yi a gaban shaida. "Khalas. Allah ya so ki zauna, ya Khala. Amma sharaɗi ɗaya. Miyar farko tawa ce."

Ɗaso ta dubi bango, idonta ya yi haske. "Gaya masa tukunya guda tasa ce shi kaɗai. Gaya masa in yana so, kafin hawan Arfa."

"Ta ce sai bayan Hajji," in ji Ummulkhairi da sauri. "Bayan Hajji da nisa."

Da ya fita tayar da mota, ta matso kusa da uwarta tana gyara lulluɓi.

"Inna, cikina ya gane ta tun daga bakin ƙofa."

"To me ya riƙe bakinki?"

Ummulkhairi ta dubi ƙasa. Tana iya cewa tausayi, kuma ba ƙarya ba ne. Ta ga buhun da uwarta ke rufa da shi, ta ga bargo a kan garewani. Amma shekara tara tana roƙon abin da kullum take addu'ar kada a ba ta, kuma ta gaji.

"Ɗakin girkina ƙarami ne, Inna."

"Na sani. Ni na haife ki." Ɗaso ta gyara mata bakin mayafi. "Wata biyu in sun cika ki dawo ki roƙe ni. Da ƙarfi, maƙwabta su ji."

Zafi ya sauko ranar da alhazai suka baro Muzdalifa, gaba ɗaya, kamar an buɗe ƙofar tanda. Ɗaso ta zubar da dafaffiyar ƙasa, ta sake cika garwa goma, ta kwance tsumma. Kwana huɗu suka huda, jajayen karare, kowace da ganye biyu. Ta goma sha ɗaya kuwa ba ta taɓa ta ba. Filaskon ya kama, ya yi reshe, ya yi fure rawaya, ya fi duk yakuwar lafiya. Wanda ya tambaya sai ta ce na magani ne. Amma unguwa ta lura duk wanda ya zo neman ganye ɗaya, sai ta tura shi dutse. An kuma lura in Kabo ya juye ruwa, moɗar farko can take zuwa.

"Bakatsiniya, yakuwata ta hi taki girma."

"Tsinko ka sha mana, in ga ko za ka kai bakin lungu."